Tsofaffin Ramukan Kuza na Filato: A Share wa Dattawa Hanyar Ziyara Tun Suna Raye

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya bi hanyar da ta tashi daga Jos ta ratsa Bukuru ta nufi Barikin Ladi, ba zai rasa ganin wasu tuddai na jar ƙasa da farin yashi a dama da hagu ba, da tafkuna masu ruwa kore ko shuɗi kwance a gindinsu. Baƙo yakan ɗauka haka Allah ya halicci wurin. Alhali kuwa aikin hannun ɗan Adam ne. Tafkunan nan ramukan haƙar kuza ne waɗanda ruwa ya cike bayan an daina aiki, tuddan kuma ƙasar da aka kwaso daga cikinsu ce aka jibge. Irin waɗannan ramuka sun haura dubu a Jihar Filato, kuma an ƙiyasta faɗin ƙasar da haƙar ta tone da murabba'in kilomita fiye da 300.

Akwai dattawa a Kano da Katsina da Zariya da Bauchi da Sakkwato, da cikin Filato kanta, waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a cikin waɗannan ramuka, ko kuwa a barikokin da ke gefensu aka yanke musu cibiya. Da yawa daga cikinsu suna marmarin su sake ganin wurin, su nuna wa jikokinsu. Amma idan iyali suka ɗauko irin wannan dattijo suka iso Jos, ba za su sami wata takarda ko allo da zai gaya musu ramin da mota ke isa bakinsa, da wanda ƙasarsa ba ta zaftarewa, da wanda mai dogara sanda zai iya zagayawa ba. Sai dai su tambayi direban tasi ko ɗan acaɓa, shi kuma ya kai su inda ya fi kusa.

Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne, ya kamata hukumomi da masana su zaɓi kaɗan daga cikin waɗannan tsofaffin ramuka, su auna su da ma'aunin kimiyya, su gyara su daidai da ƙarfin jikin tsoho, sa'an nan su bayyana sunayensu ga jama'a. Aikin kuwa na gaggawa ne, domin waɗanda za a yi dominsu suna ƙarewa.

Yadda Aka Sami Ramukan

Tun kafin zuwan Turawa mutanen wannan ƙasa sun san kuza. Maƙeran Liruwen Kano da na Liruwen Dalma sun daɗe suna narka ta, suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake kuma su kai kasuwanni masu nisa. Ganin irin waɗannan tsinkaye a hannun 'yan kasuwa ne ya sa kamfanin Neja ya tura masu bincike tsakanin 1902 da 1904, har suka gano cewa tuddan Filato ne matattarar kuzar. Cikin 'yan shekaru kamfanoni suka yi ta ɓarkowa daga Ingila. A 1914 ƙaramin layin dogo da ya taso daga Zariya ya isa Bukuru, a 1927 kuma babban layin da ya fito daga Fatakwal ya shigo Jos ta Kafanchan. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO domin samar wa injunan haƙa wutar lantarki daga ruwan Kurra.

Abin lura a nan shi ne irin haƙar da aka yi, domin a kanta sauran bayanin zai dogara. Asalin kuzar Filato a cikin duwatsun giranit take. Ruwan sama da zafin rana sun shafe miliyoyin shekaru suna rugurguza duwatsun, koguna kuma suna kwashe tsakuwar. Da yake ƙwayar kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu da rabi, sai ta riƙa kwantawa a ƙasan kwazazzabai, ƙasa ta bi ta rufe ta. Don haka masu haƙa ba su buƙaci huda dutse su nutsa ƙarƙashin ƙasa kamar masu haƙar kwal a Inugu ba. Yaye ƙasar sama suke yi su bar rami buɗe, su kwaso tsakuwar, su wanke ta da ruwa, yashi ya bi ruwa ya tafi, kuza ta zauna. Da farko da diga da shebur da kwanon sarki ake aikin, daga baya aka kawo famfunan feshin ruwa da manyan injuna masu dogon hannu.

Aikin ya ci mutane ba kaɗan ba. Bayan da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ƙaƙaba aikin tilas, wanda aka sani da ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa aka kai su Filato, inda sanyi da ƙarancin abinci da cututtuka suka hallaka da dama. A 1943 ne haƙar ta kai ƙololuwa, inda aka fitar da tan 17,000 da 'yan kai. A farkon shekarun 1950 kuma kasuwar kwalambait ta buɗe, Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen samar da shi. Daga shekarun 1970 harkar ta fara ja da baya, domin kuzar da ke kusa da sama ta yi ƙaranci, hankalin gwamnati kuma ya koma kan man fetur. Faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a watan Oktoba na 1985 ita ce ta ƙarasa manyan kamfanonin.

Dalilin Sa Dattawa a Gaba

Mai karatu na iya tambaya, me ya sa za a fara da tsofaffi, alhali matasa da 'yan makaranta sun fi yawa, sun kuma fi son yawon buɗe ido? Dalilai uku ne.

Na farko, lissafin shekaru. Wanda aka ɗauka ɗiban gwamna yana ɗan shekara 18, idan yana raye, ya kai shekara ɗari. Wanda ya kama aiki a kamfanin ATMN yana ɗan shekara 20 a 1970, ya haura 70. Waɗannan na biyu su ne rukuni na ƙarshe da suka ga manyan injuna suna aiki da idonsu. Abin da takardun kamfanoni suka adana shi ne yawan tan da kuɗin da aka kashe. Yadda helma yake raba aiki, da yadda ake auna kuzar ɗan tiribita a biya shi, da abin da lebura yake ci a bariki, da waƙoƙin da ake yi a bakin rami, duk a kawunan mutane suke. Kuma sananne ne cewa tsoho ya fi tuna abu idan ya tsaya a wurin da abin ya faru. Dattijon da aka yi wa tambaya a zaurensa ya ba da amsa a taƙaice, idan ya ga tudun da ya sha hawa da kwano a ka, sai labari ya ɓalle.

Na biyu, haƙƙi. Leburorin da suka zo daga nesa sun bar ƙarfinsu a wurin. Mutanen ƙasar kuma, musamman Birom, sun rasa gonaki masu yawa, kuma tsofaffinsu sun san gonar wane ce take ƙarƙashin wane tafki. Duka ɓangarorin biyu suna da abin faɗa a kan ramukan, kuma babu wanda ya fi su cancantar a buɗe masa ƙofa.

Na uku, dabarar gini. Hanyar da mai shekara 80 zai iya bi, mace mai ciki za ta bi, mai keken guragu zai bi, ɗan firamare ma zai bi. Idan kuwa aka gina wurin daidai da ƙarfin saurayi, to sai an sake kashe wani kuɗin kafin sauran jama'a su amfana.

Abin da Jikin Tsoho Yake Buƙata

Kalmar sauƙi tana da ruɗi, domin abin da yake da sauƙi ga jika ba lalle ne ya zama haka ga kakansa ba. Wajibi ne a mayar da kalmar zuwa lambobi waɗanda injiniya zai iya aunawa.

A fara da ido. Yayin da shekaru suke ja, ƙofar hasken ido tana tsukewa, madubin cikinsa kuma yana dushewa, har ta kai hasken da yake isa bayan idon mai shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda yake isa na mai shekara 20 ba. Haka kuma idon tsoho yana daɗewa kafin ya saba da duhu idan ya fito daga rana. Ga kuma yanar ido wadda ta yawaita a tsakanin dattawa. Saboda haka duk wurin da ke da duhu, ko matakalar da ba a shafa wa bakinta fenti mai haske ba, tarko ne gare su.

Sai ƙafa da gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku daga waɗanda suka haura shekara 65 yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma 'yan sama da shekara 60 su ne suka fi mutuwa sakamakon faɗuwa. Ƙashin tsoho ya yi rauni, karayar ƙugu kuwa takan kwantar da shi kwanciyar da ba ya tashi. Ƙa'idar da magina suke bi wajen gina gangare domin keken guragu ita ce, kowace mita ɗaya ta hawa a ba ta tsawon mita 12. Tuddan ƙasar da aka jibge a bakin ramuka sun fi haka tsayuwa nesa ba kusa ba, ga tsakuwa mai zamewa a ƙarƙashin takalmi.

Sai zuciya da numfashi. Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya daga gaɓar teku, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko kusa da digiri 10. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma wanda ya taso daga ƙasa mai zafi yana buƙatar gajeriyar tafiya, da benci kusan kowace mita 50, da rumfa, da ruwan sha. Ban da wannan akwai buƙatar makewayi a kusa da wurin alwala da salla, waɗanda rashinsu kaɗai ya isa ya hana dattijo fita daga gida.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa ramin da ya dace shi ne wanda mota take isa kusa da bakinsa rani da damina, wanda ake kallonsa daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tare da hawa ko gangara ba, kuma wanda asibiti bai yi masa nisa ba.

Haɗarin da Ido Ba Ya Gani

Kusancin rami da titi ba ya nuna cewa yana da aminci. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata a bar zaɓin wuri a hannun jin-ta-jin-ta ba.

Haɗari na farko shi ne bakin ramin. Bangon tsohon ramin kuza yashi ne da tsakuwa da yumɓu, babu dutse a cikinsa. Sakakken yashi ba ya tsayuwa a gangaren da ya wuce digiri 35 ko kusa da haka, amma masu haƙa sun yanke bangon ya fi haka tsayuwa. Filato kuma tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, mafi yawansa tsakanin Afrilu da Oktoba. Ruwan yana ratsa ƙasa, yana cin bangon ta ƙarƙashi, ciyawa kuma ta rufe sama ta yadda mai tsayuwa zai zaci ƙasa ce mai ƙwari, alhali kogo ne a ƙarƙashin ƙafarsa.

Na biyu shi ne ruwan tafkin. Tafkin da Allah ya yi yakan fara da sarari a baki, ya riƙa zurfi sannu a hankali. Tafkin kuza kuwa taku biyu ko uku daga baki ƙasa take yankewa, ƙasansa kuma laka ce mai laushi wadda take riƙe ƙafa. Mazauna yankin sun sha rasa yara da dabbobi a irin waɗannan tafkuna.

Na uku shi ne loto, wato siraran rijiyoyin da ƙananan masu haƙa suke tonawa har su isa kwancin kuza, sa'an nan su bi shi ta gefe. Akwai su birjik a kewayen tsofaffin wuraren kamfani, da dama a buɗe cikin ciyawa. Ban da haɗarin rufta, iskar cikinsu ma abin tsoro ce. Iskar da ake shaƙa a sarari tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin ɗari, kuma masana lafiyar ma'aikata suna ɗaukar duk wurin da ya gaza kashi 19.5 a matsayin mai haɗari. Ruɓewar itace da tsatsar ƙarfe suna cinye oksijin, iskar kabon dayoksaid kuma, da yake ta fi iskar sarari nauyi da kusan rabi, sai ta taru a ƙasan rami. Ba ta da launi, hanci kuma ba ya faɗakar da mutum. Don haka bai dace a shigar da kowane baƙo cikin loto ba, balle tsoho, komai yawan roƙon da ya yi.

Na huɗu shi ne yashin da aka zubar bayan tace kuza. A cikinsa akwai ma'adinai irin su monazait, mai ɗauke da sinadarin toriyam wanda yake fitar da tiriri irin na nukiliya. Binciken da masana jami'o'in Nijeriya suka gudanar ya nuna cewa tiririn ya fi yawa a wuraren da aka jibge dusar injunan tacewa. Ziyarar awa ɗaya ba ta kai ta dami baƙo ba, amma mai gadi da mai sayar da abinci da za su wuni a wurin kullum lissafinsu daban ne. Ƙaramar na'urar aunawa ta hannu ta isa ta nuna inda za a kafa benci da inda za a rufe da ƙasa a kewaye da waya.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

Mayar da tsohon wurin haƙa ya zama wurin ziyara ba sabon abu ba ne a duniya, kuma akwai darasi a cikin kowane misali.

A yankin Wales na Birtaniya akwai mahaƙar kwal ta Big Pit, wadda aka rufe a 1980 aka sake buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1983. Ana saukar da baƙi zurfin mita 90 a cikin kejin da leburori suke shiga a da, kuma tun daga farko tsofaffin ma'aikatan wurin aka ɗauka su zama 'yan rakiya. Har yanzu dokokin tsaron mahaƙa suna aiki a kanta, shi ya sa ake karɓe ashana da duk abin da ke da batir a hannun baƙo kafin ya sauka.

A garin Bisbee na jihar Arizona a Amurka, an daina haƙar tagulla a 1975, a 1976 kuma aka fara kai baƙi cikin mahaƙar Queen. Hikimar da suka yi ita ce amfani da ƙaramin jirgin ƙasa na ma'aikata, wanda yake shiga da mutane cikin dutse suna zaune.

A ƙasar Poland akwai mahaƙar gishiri ta Wieliczka, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya tun 1978. Duk da shahararta, babbar hanyar baƙi tana da matakala kimanin 800, wajen rabinsu a farkon shiga. Wannan ya nuna cewa wuri yana iya yin suna, ya kuma tsaru, amma ya gagari tsoho.

Misalin da ya fi kama da na Filato shi ne Babban Ramin Kimberley a Afirka ta Kudu, inda aka haƙi lu'ulu'u daga 1871 zuwa 1914. Rami ne buɗaɗɗe mai faɗin fiye da mita 450, da ruwa kwance a ƙasansa. Ba a barin kowa ya sauka. An gina wani dandamali na ƙarfe mai shinge wanda ya miƙa ta saman bakin ramin, baƙo ya taka a miƙe ya leƙa ya dawo, a gefe kuma ga gidan tarihi da tsofaffin gine-ginen garin.

Turawan Wales da na Poland suna kashe maƙudan kuɗi wajen zuƙe ruwa da hura iska da tokare rufin ramukansu. Filato ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin ramukanta a buɗe suke ga sama, da yawa kuma a kan shimfiɗaɗɗen fili kusa da kwalta. Abin da ake kuka da shi a matsayin ɓarnar ƙasa, shi ne kuma ya sa wurin ya fi sauƙin nunawa ga mai rauni.

Inda Za a Fara

Ba daga kan komai za a fara ba, akwai harsashi a ƙasa. Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 bisa ƙoƙarin Bernard Fagg, shi kansa ɗan haƙar kuza ne, domin a wurin haƙa ne aka fara tono gumakan yumɓu na Nok a 1928, waɗanda suka haura shekara 2,000. A harabarsa akwai sashen nuna kayan haƙar kuza da kuma kayan ƙaramin jirgin Zariya zuwa Bukuru wanda aka daina amfani da shi a 1957. A Rayfield kuma an riga an mayar da wani tsohon ramin kuza wurin shaƙatawa, abin da ya tabbatar da cewa tunanin mai yiwuwa ne.

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Sassan ilmin ƙasa da na tarihi na Jami'ar Jos, tare da hukumar binciken ma'adinai ta tarayya, suna iya tura ɗalibai su bi manyan hanyoyin Bukuru da Kuru da Bisichi da Barikin Ladi, su rubuta duk ramin da ke kusa da kwalta, da nisansa, da yanayin bangonsa, da lotunan da ke kewaye da shi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da ƙwarewar auna tiriri. Daga cikin abin da aka ƙidaya sai a tace a fitar da uku ko huɗu.

Mataki na biyu shi ne gyara, kuma ba mai tsada ba ne: wurin ajiye mota, da shimfiɗaɗɗiyar hanya mai daɓe, da shinge mai ƙwari nesa da bakin rami, da benci a inuwar itatuwan turare waɗanda dama an dasa su a wurare da yawa domin farfaɗo da ƙasa, da makewayi. A cike duk loton da ke kusa. A kafa alluna da manyan baƙaƙe cikin Hausa da Birom da Ingilishi, har da ajami, domin dattawa da yawa da shi suka fi karatu. Inda wani tsohon inji ya rage yana tsatsa, a kewaye shi kafin 'yan gwangwan su yanka shi su sayar a kilo.

Mataki na uku shi ne sanarwa. A buga 'yar takarda mai shafi biyu, a kuma karanta ta a rediyo, wadda za ta faɗi gaskiyar kowane wuri: taku nawa ne daga mota zuwa wurin kallo, ko keken guragu yana shiga, wane lokaci ya fi dacewa, da asibitin da ya fi kusa. Tsofaffin ma'aikatan da ke da sauran ƙarfi a ɗauke su su zama masu bayani, a biya su, a kuma naɗi muryoyinsu a adana.

Doka ma tana goyon bayan wannan. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta gyara ƙasar da aka haƙa, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 kuma ta wajabta sauƙaƙa musu shiga wuraren jama'a.

Hujjojin Masu Ja

Akwai masu ganin cewa wannan magana ce ta wanda cikinsa ya cika. Suna cewa jihar da ta sha fama da rikice-rikice tun daga 2001, wadda ƙauyukanta da dama suke kwana da ido ɗaya, ba ta da lokacin gina wa tsofaffi wurin kallo. Wannan hujja tana da nauyi, kuma ita ce ta sa ya kamata wuraren farko su kasance a cikin Jos da Bukuru ko dab da su. Sai dai a tuna cewa tarihin kuza yana cikin abubuwan da suka haɗa al'ummomin jihar, domin shi ne ya kawo kakannin da yawa daga cikinsu wuri ɗaya. Wurin da dattijon Birom da dattijon Bahaushe da na Ibo za su zauna a benci ɗaya, kowa ya faɗi abin da ramin ya ci masa, yana da amfanin da ya wuce yawon buɗe ido.

Wasu kuma suna cewa ƙawata ramukan tamkar wanke laifin kamfanonin da suka ɓata ƙasa ne. Hakan zai faru ne idan allunan suka tsaya kan yabon injuna. Idan aka rubuta labarin ɗiban gwamna da na gonakin da aka rasa ƙarara, to wurin zai zama shaida a kan ɓarnar.

Rukuni na uku su ne masu cewa a cike ramukan duka a huta. Amma ƙasar da za ta cike rami fiye da dubu ba ƙarama ba ce, kuma manoman rani sun daɗe suna ban-ruwan dankalin Turawa da kabeji da karas da tumatir daga waɗannan tafkuna. Don haka dole a shawarci manoma da masu unguwanni kafin a kewaye kowane tafki, a bar musu mashigarsu. Haka nan duk wurin da ake ci gaba da haƙa a cikinsa, a cire shi daga lissafi.

Kammalawa

Kafin hukumomi su motsa, iyalan da suke shirin kai dattijonsu suna iya kiyaye wasu abubuwa. Su tafi da rani, da hantsi bayan sanyi ya sassauta. Su fara da Gidan Tarihi, su nemi ɗan gari wanda ya san wurin da ake so a gani, su kuma sanar da mai unguwa. Su bar tazara mai yawa tsakaninsu da bakin rami, kada su bi ta cikin ciyawa, kada su hau tudun yashi, kada kuma kowa ya ɗebi yashin wurin ya kai gida. Su riƙe kujera mai naɗewa da rigar sanyi da magungunan dattijon, su kuma kunna na'urar naɗar magana ta wayarsu.

Ga hukumomin Jihar Filato da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da jami'o'i kuwa, abin da ake nema bai fi ƙarfinsu ba: ƙidayar rani ɗaya, da gyaran wurare uku ko huɗu, da takarda mai shafi biyu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ramukan za su iya jiran shekara hamsin nan gaba ba su je ko'ina ba, amma leburan da ya kama aiki a 1970 ya riga ya haura shekara saba'in, kuma kowane hunturu yana rage yawan sa'o'insa.